MURYAR BADARIYYA

Shafi na 27

Waɗanda suka cika mini inbox tun ranar Talata, na gani, ku yi haƙuri, aiki ne ya sha kaina. Masu zagi a comment ku ma na gan ku. Labari nake bayarwa, ba fatawa ba. Ku gyara zama.

*

"Sake."

Badariyya ta zare straw daga bakinta, ta ajiye kofin ruwan da ta kwashe minti goma tana hura wa kumfa don maƙogwaro ya saki. Ta harari Lovelyn, wadda ta miƙe ƙafa a kan kafet tana ɓare gyaɗa kamar mai kallon fim.

"In sake me? Sau bakwai ke nan fa."

"Ki yi na takwas. Har yanzu daga ƙirji yake fitowa."

"App ɗin auna murya ya ce ɗari da casa'in. Duba ki gani, kore shar."

"App yana da kunne ne? Lamba kawai ya sani."

Wata goma sha huɗu ke nan Badariyya tana wannan fama. A Kano aka haife ta, aka raɗa mata Is'haq, kuma da wannan sunan danginta suka san ta har gobe. Amma ita tun ba ta san ma'anar kalmomi ba ta san mace ce a cikin ranta. Sai da ta zo London, ta kama wannan ɗan flat na Barking ita kaɗai, sannan ta fara rayuwa yadda take jin kanta. Gashi ya yi tsawo, fuska ta yi laushi, sutura ta canza. Murya ce kawai ta kafe.

Ga shi kuma da muryar take cin abinci. Tafinta ce ta waya, asibiti ko council su kira ta ta fassara wa Bahaushen da ba ya jin Turanci. Kullum ta ce "Salamu alaikum", amsar ɗaya ce: "Yauwa, Malam."

Lovelyn 'yar Jos ce, ta riga ta shiga wannan hanya da shekara shida. In ka ji ta a waya, ka rantse da muryar aka haife ta. Duk Asabar takan tsallako kogi daga Plumstead su zauna su yi ta gwaji. Ta ukunsu Shetu ce, 'yar zangon Kumasi, amma ita aikin kula da tsofaffi ba ya barin ta ranar Asabar, sai dai a tura mata ta WhatsApp ta saurara ta faɗi nata.

"To faɗi na Turancin in ji," in ji Lovelyn.

Badariyya ta gyara zama. Ta ɗora yatsa a kan zakaran wuyanta, ta ɗaga shi sama kamar yadda Jane, Baturiyar da ke koya mata murya a asibiti, ta nuna mata.

"Hello, my name is Badariyya, I'll be your interpreter today."

Lovelyn ta tafa. "Kin gani? Wannan kam ko a banki sai su ce miki madam. Yanzu Hausa."

"Sunana Badariyya, ni zan yi miki tafinta yau."

Lovelyn ta yatsina fuska.

"Me kuma?"

"Kin faɗa rijiya. Kin fara a sama, kina kaiwa tsakiya sai ga wani ɗan kasuwan Kwari ya fito."

Badariyya ta dafe kai. "Wallahi ban gane ba. Baki ɗaya ne, maƙogwaro ɗaya ne. Me ya sa Turanci yake yarda, Hausa take ƙi?"

"Me Jane ta ce?"

"Jane ta san Hausa ne? Cewa ta yi in riƙa ɗaga ƙarshen magana. Na ɗaga. Jiya wata tsohuwa a asibiti, likita ya tambayi abin da take ci, na ce mata, 'Kina cin miyar kuka?' Na ɗaga kukar sama yadda aka koya mini. Sai matar ta ce, 'Ɗan nan, kuka kam ina yi, amma ban taɓa yin miya da shi ba.'"

Lovelyn ta kwashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe ta.

"Ki yi dariya. Hausa in ka ɗaga inda ba a ɗagawa, wata maganar ka faɗa daban."

Wayar ta yi ƙara. Shetu ce ta amsa gwajin da suka tura mata da safe. Badariyya ta danna.

"Badariyya, chale, muryan naka ya yi kyau wallahi. Kaman mace sak. Amma ka rage hanci kaɗan, ya yi kaman mutum da mura ya kama shi. Ina zuwa, tsoho na yana kira."

Badariyya ta ajiye wayar a hankali.

"Kin ji ko? Ta ce kamar mace sak, tana ce mini 'ka'."

"Haba, ai kin san Shetu. Uwar da ta haife ta ma 'ka' take ce mata."

"Na sani. Amma duba. Jane ta ce in turo muryar gaba, wajen hanci. Shetu ta ce in rage hanci. Ke kin ce ƙirji. App ya ce na gama, in je in huta. Ni da kaina in na saurara, ban san wa nake ji ba. Wani lokaci mace, wani lokaci namiji mai wasa, wani lokaci ba kowa. Ni wa zan bi?"

Lovelyn ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta daina dariya.

"Kin san matsalar ki? Kina magana kamar mai karanta labarai. Ba wata mace da take magana haka a gidanta. Ni lokacin da na fara, ba lamba na bi ba. Anti na Kachollom na bi, mai sayar da dankali a Bukuru. Yadda take kiran mutane, yadda take faɗa, shi na yi ta yi a banɗaki har ya zama nawa. Ke wace mace ce kika fi sanin maganarta?"

Badariyya ba ta ko yi tunani ba.

"Inna."

"Maman ki?"

"Allah Ya ji ƙanta. Shekara huɗu ke nan."

"To me take yawan faɗa? Kar ki duba app. Juya wayar. Danna record kawai ki rufe ido."

Badariyya ta sa wayar a silent don kada kira ya katse ta, ta danna record, ta kifa ta, ta rufe ido.

Kicin ɗin gidansu na Yakasai ne ya zo mata. Inna a kan kujera 'yar tsugunno, Yaya Rahinatu tana 'yar shekara goma sha biyu tana koyon miya tana ƙunƙuni. Ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa, don an ce kicin ba wurin maza ba ne, tana haddace duk abin da ake koya wa wadda ba ta son koya.

Ta manta da zakaran wuya. Ta manta da hanci. Ta buɗe baki kawai.

"Ke Rahinatu, rage wutar nan, za ki ƙona mini tukunya. Kuka ba a zuba ta a kan tafasa, 'yar nan, sau nawa zan faɗa? Sauke tukuna. Yauwa. Barbaɗa kaɗan-kaɗan kina kaɗawa. A'a, a'a, ba haka ba, wannan ai gudaji za ta yi. Miƙo maburgin nan. Oh ni 'yasu, wannan yarinya, gidan wa za a kai ki da wannan hannun?"

Sai 'yar dariyar nan ta Inna ta biyo baya da kanta, wadda take ƙarewa da ɗan tari.

Ta buɗe ido.

Lovelyn na riƙe da gyaɗa a hannu, ta manta da ita.

"Yesu na," ta ce a hankali. "Wace ce wannan?"

"Ya yi?"

"Ya yi? Tsigar jiki na ta tashi."

Badariyya ta juyo da wayar, ta duba. Fuskarta ta sauya.

"Ɗari da sittin da biyar. Ko koren ma bai kai ba. App ya ce ban yi ba."

"Ki jefa app a bola."

"Amma ta yaya ƙasa za ta fi sama zama mace? Wata goma sha huɗu ina hawa, yanzu ki ce in sauko?"

"Ni ban sani ba, sista. Abin da kunne na ya ji na faɗa miki. Tura wa Shetu mu ji."

Group ɗinsu "Rehearsal" suka sa masa suna, don ko wani ya leƙa wayar ba zai gane komai ba. Badariyya ta danna share, ta taɓa sunan da ke sama, ta tura. Ta jefar da wayar a kan kujera ta tafi dafa shayi, don maƙogwaronta ya fara zafi.

Sun sha shayi. Lovelyn ta ba ta labarin wani direban bas da ya ce mata "darling". Aka yi kiran la'asar a agogon bango. Kusan minti arba'in.

"Shetu shiru," in ji Lovelyn. "Ko tsohon nata ya riƙe ta?"

Badariyya ta ɗauko wayar.

Missed call goma sha ɗaya.

Yaya Rahinatu.

Ta buɗe group ɗin Rehearsal. Babu komai tun saƙon Shetu na ɗazu. Ta koma baya, ta buɗe sunan da ke samansa. Ga shi nan. Sakan talatin da takwas. An saurara.

"Lovelyn."

"Mene?"

"Yayata na tura wa."

"Goge! Goge maza!"

"Ta riga ta ji."

Ba ta rufe baki ba aka danna ƙararrawar ƙofar ƙasa. Aka sake dannawa. Aka ɗora yatsa aka ƙi ɗagawa.

Yaya Rahinatu a East Ham take da mijinta da 'ya'yanta, tasha ɗaya ce tsakaninsu a jirgin ƙasa na District line. Shekara biyu ke nan Badariyya tana hana ta zuwa flat ɗin da dabara iri-iri. Ita take zuwa can, cikin ƙatuwar riga da hula, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ci tuwo ta gudu.

Badariyya ta fizge ɗankwalinta ta cusa ƙarƙashin filon kujera. Ta goge jan baki da tissue. Ta zura hoodie a kan rigarta, ta tura gashi cikin hula, ta ja wandon motsa jiki.

"In ɓuya?" in ji Lovelyn tana zare ido.

"Ina? A fridge? Ki ce maƙwabciya ce."

Ta danna maɓallin buɗe ƙofa. Ta yi gyaran murya, ta nemi muryar Is'haq a can ƙasan ƙirji. "Yaya," ta gwada. Abin ya fito a tsage kamar na zakaran da bai gama girma ba.

Ta buɗe ƙofa ta runtse ido, tana jiran mari.

Sai ta ji an rungume ta.

Rahinatu ce, hijabi a karkace, silifas ɗin banɗaki a ƙafa, ido jajur. Ta ƙanƙame ta tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Allah Ya yi maka albarka, Is'haq. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka masu yi maka."

Badariyya ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a sake. Ta leƙa Lovelyn ta saman kafaɗar yayarta. Lovelyn ta buɗa hannu, ita ma ba ta gane ba.

"Yaya... lafiya?"

"Ina ka samo?"

"Na samo me?"

"Muryar Inna mana!"

Badariyya ta matsa daga bakin ƙofa.

Rahinatu ta shigo ta zauna a bakin kujera, a kan filon da ɗankwali ke ƙarƙashinsa. Sai a lokacin ta lura da Lovelyn.

"Sannu, baiwar Allah, yi haƙuri ban gaishe ki ba."

"Sannu Anti. Maƙwabciya ne ni."

Rahinatu ba ta ma ji ba. Ta juyo, wayarta a ƙirji kamar jariri.

"Ina cikin wanke-wanke saƙon ya shigo. Na ɗauka gaisuwa ce. Ina dannawa na ji an ce 'Ke Rahinatu.' Wallahi faranti ya faɗi daga hannuna. Na amsa, Is'haq. Na ce 'Na'am, Inna.' A cikin kicin ɗina, ni kaɗai, na amsa."

"Yaya, ki tsaya..."

"Ka san tun da wayata ta ɓata a bas, duk saƙonninta suka tafi. Ba wanda ban tambaya ba a gida, kowa ya ce ya canza waya. Fuskarta ina da hoto. Amma muryar... bara na zauna na yi na yi in tuna yadda take kiran sunana, na kasa. Ban gaya wa kowa ba. Wace irin 'ya ce za ta manta muryar uwarta? Ashe kana da shi. Shekara huɗu kana da shi ka yi shiru?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Yaushe ka ɗauka? Ni ban tuna ranar ba. Ko zuwanmu gida na ƙarshe ne da sallah? Amma a lokacin ai na yi aure, me zai sa ta ce gidan wa za a kai ni?" Ta yi dariya cikin hawaye. "Ko da yake Inna ce. Har na haifi Ameera tana ce mini haka."

"E... wataƙila lokacin ne."

"Akwai saura?"

"Babu."

"Ka duba dai. Ko na sakan biyar ne."

Badariyya ta kasa haɗa ido da ita. Kanta ya ɗaure tam. Ɗazu-ɗazu take neman wanda zai gaya mata gaskiyar yadda muryarta take. Ga shi an gaya mata, gaskiyar da ta fi ta Jane da ta app da ta kowa. Ba ta san ko murna za ta yi ba, ko ta nemi ƙasa ta tsage ta shige.

"Zo ka zauna mu ji tare," in ji Rahinatu. "Ke ma baiwar Allah matso ki ji mahaifiyarmu."

Ta ƙure ƙarar wayar ta danna.

"Ke Rahinatu, rage wutar nan, za ki ƙona mini tukunya..."

Rahinatu ta rufe ido, leɓɓanta na bin maganar.

"...Sauke tukuna. Yauwa."

Cit!

Wata 'yar ƙara ce siririya a cikin saƙon, a bayan maganar. Rahinatu ba ta kula ba.

"...Miƙo maburgin nan..."

Cit!

Wannan karon ba daga wayar ba ne. Daga sama ne.

Na'urar hayaƙin da ke manne a silin ce. Sati uku ke nan batirinta ya yi sanyi tana wannan kukan duk bayan minti ɗaya, har kunnen Badariyya ya daina ji.

Rahinatu ta buɗe ido. Ta ɗaga kai ta dubi silin. Ta dubi wayar.

Ta mayar da saƙon baya.

"...Sauke tukuna. Yauwa." Cit!

Ba wanda ya motsa. Suka zauna su uku kamar masu jiran hukunci, har na'urar ta sake yi a samansu.

Cit!

"Is'haq."

"Na'am, Yaya."

"Inna ba ta taɓa zuwa London ba."

Rahinatu ta nuna silin da yatsa.

"A ɗakin nan aka ɗauki wannan abin."

Ta miƙe a hankali, ta juya wajen Lovelyn.

"Ke ce?"

"Ni? Anti, ki ji Hausa na fa. Ni ko maburgi ban san shi ba."

"To wace ce? Wace mace ce ta shigo ɗakin nan ta san sunana, ta san dariyar uwata, har da tarinta?" Ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi. Ko dai gidan nan ba lafiya ba?"

"Yaya, ba aljani ba ne."

"To mene ne? Ka yi mini magana, kaina zai fashe!"

Sai kuma ta tsaya, idonta ya ƙanƙance.

"Tsaya. Irin abin nan ne na kwamfuta? Ameera ta nuna mini, a sa wa mutum maganar da bai faɗa ba. Shi ka yi? Ka sa inji ya kwaikwayi muryar mamaciya?"

A bayanta Lovelyn ta shiga gyaɗa kai da ƙarfi, tana yi wa Badariyya alama da ido. Ki ce e. Ki ce e ki huta.

Ga mafita a buɗe. In ta ce e, Yaya za ta yi faɗa, ta yi fushin wata guda, ta huce. Is'haq zai ci gaba da zuwa East Ham cin tuwo da hula a kai. Ba abin da zai canza.

Ta buɗe baki don ta ce e. Ta laluba ƙasan ƙirji inda take ajiye muryar Is'haq don irin wannan rana. Ta laluba, ta sake lalubawa. Ko gajiyar maƙogwaro ce, ko tsoro ne, ko kuwa zuciyarta ce ta gaji da ɗaukar kaya biyu, ita kanta ba ta sani ba.

"Ba kwamfuta ba ce, Yaya. Ni ce."

Da muryar ta fito. Muryar nan ta cikin wayar.

Rahinatu ta ja da baya har ta bugi tebur, kofin ruwa da straw ya kife a kan kafet.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Yaya..."

"Kar ka sake! Kar ka sake yi mini magana da bakin uwata!"



Rahinatu na haki. Hawaye na zuba ba ta share ba. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Sake faɗa."

"Kin ce kar in..."

"Na ce ka sake! Kira sunana."

"Rahinatu."

Ta toshe baki da hijabi, ta sulale ta zauna a ƙasa. Hannunta ya ja filon kujera, ɗankwalin ya zamo ya faɗo a cinyarta. Ta ɗaga shi ta duba. Ta dubi tissue mai jan baki a kan tebur. Ta dubi takalman da ke jere a bayan ƙofa, waɗanda ba ta gani ba da ta shigo. Ta dubi Lovelyn, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta dawo kan fuskar da ta sani tun ranar suna.

"Me ka ce ɗazu?"

"Na ce ba kwamfuta ba ce."

"Bayan nan."

"Na ce ni ce."

"Ce." Rahinatu ta maimaita kamar mai ɗanɗana magani. "Ba 'ni ne' ba. 'Ni ce.'"

"E, Yaya."

"Wasan kwaikwayo kuke yi? Aiki ne? Biyan ku ake yi?"

"A'a."

"To mene ne?"

Badariyya ta cire hular. Gashin ya sauko kafaɗa.

"Koyo nake yi. Wata goma sha huɗu ina koyon yadda zan yi magana a ji ni yadda nake. Ban yi niyyar ɗaukar muryar Inna ba, wallahi. Lovelyn ce ta ce in tuna macen da na fi sani. Na buɗe baki, abin da ya fito ke nan. Ni ma ban san tana ciki ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kina koyon miya ina tsaye a bakin ƙofa."

"Kana ɗan shekara bakwai fa lokacin."

"E."

Rahinatu ta girgiza kai, ta sake girgizawa.

"Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Na fito daga gida da silifas ina murna an dawo mini da uwata. Yanzu ka ce ba ita ba ce. Kuma ka ce ƙanena ma ba shi ba ne. To ni wa nake yi wa kuka? Wa ya mutu, wa ya dawo?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya. Ga ni."

"Daina! In ka yi magana ita nake ji, in na ɗaga ido kai nake gani. Ka... ki..." Ta dafe kai da hannu biyu. "Ni ko yadda zan kira ka ma ban sani ba."

"Badariyya."

"Wa?"

"Sunana ke nan. Badariyya."

Lovelyn ta matso da kofin ruwa a hankali. "Anti, ki sha ruwa kaɗan."

Rahinatu ta karɓa ba ta san ta karɓa ba. Ta kai baki, sai ta tsaya cak.

"Na shiga uku."

"Mene ne, Yaya?"

"Na tura."

"Kin tura me?"

"Saƙon. Tun a tasha, ina jiran jirgi. Murna ce ta ɗebe ni."

"Kin tura wa wa?"

"Group ɗin gida."

Badariyya ta ji ɗakin ya juya. Group ɗin gida mutum arba'in da wani abu ne. Kawunnai, gwaggonni, 'yan Kano, 'yan Kaduna, har da na Saudiyya.

"Me kika rubuta?"

"Na ce... na ce ga muryar Inna, Is'haq ne ya adana mana."

Ta buɗe wayar, ta juyo da ita. Saƙonni na ta sauka kamar ruwan sama. Allah Ya ji ƙan Inna. Allah Ya sa Aljanna ce makoma. Gwaggo ta turo saƙon murya na minti uku, kuka kawai. Kawu Bukar ya rubuta, Is'haq ɗan albarka, a turo sauran.

"Goge shi," in ji Lovelyn.

"Mutum talatin da ɗaya sun ji," in ji Rahinatu. "In goge in ce musu me?"

Wayar ta ɗauki ruri a hannunta.

Su uku suka zuba wa allon ido.

BABA.

Tsohon da tun rasuwar Inna bai ƙara kwana a ɗakinta ba, bai ƙara bari an ambaci sunanta a gabansa ba. Tsohon da likita ya ce a daina kai masa labari kwatsam saboda zuciyarsa.

Rahinatu ta ɗago ido, ta rasa abin yi. Ta kai yatsa za ta kashe.

Badariyya ta durƙusa a gabanta, ta kama hijabinta.

"Don girman Allah, Rahinatu, kar ki ɗauka. Ki bari in yi tunani tukuna. Kar ki ɗauka, 'yar nan."

Sai ta lura rurin ya tsaya.

A kan allon, lambobi na tafiya. Sakan huɗu. Sakan biyar. Sakan shida.

Yatsan Rahinatu ba ja ya taɓa ba. Kore ya taɓa.

Daga can Kano aka ji numfashin tsoho, sama-sama, kamar wanda ya yi gudu.

Sannan, da wata irin murya da ba su taɓa jin mahaifinsu da ita ba, ya kira sunan da duk duniya shi kaɗai yake kiran Inna da shi.

"Yalwa...? Ke ce?"